Kambas a Cikin Akwatina

Ni na jawo mana, gara in faɗa tun yanzu. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina aji biyu a wata ƙaramar kwaleji a Birnin Gwari, kuma ni ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon kwando. Kyaftin fa! Dukanmu 'yan aji ɗaya da aji biyu ne, don manya sun raina wasan, wai na matsorata ne masu gudun a taka su a ƙwallon ƙafa.

Filin da hannunmu muka yi shi. Muka sare sabara, muka ɗebo jar ƙasa muka daɓe, muka saro sanduna biyu a daji, maƙeri ya lanƙwasa mana ƙarfe. Malamin wasanni, wani siriri mai haƙurin tsiya, shi ya koya mana komai. Firinsifal kuwa bai taɓa son abin ba, don da wurin gonar makaranta ce. A gabanmu ya gaya wa Malam cewa in shekara ta ƙare ba mu ci wasa ko ɗaya ba, fili zai koma gonar gyaɗa.

Aka cinye mu sau biyu, saura wasan ƙarshe a Kaduna. Ana nan sai Malam ya samo mana takalman kambas farare fat. Ya danƙa mini ya ce in raba, ya tafi kwas Zariya na mako biyu. To, mu da ba mu taɓa wasa da takalmi ba! Na dubi farin nan, na dubi jar ƙasarmu, na ce wallahi ba za a yi wannan ɓarna ba. A gidajenmu wa yake sa sabon abu kafin ranarsa? Musulminmu sun san kayan Sallah, Kiristocinmu sun san na Kirsimeti, babu wanda ya yi mini musu. Na zuba su a akwatina na kulle, muka ci gaba da atisaye ƙafa ba takalmi.

Ranar wasa muka haɗu da Malam a Kaduna, muka shiga fili muna ƙyalli. Har mu muka fara jefawa. Dogonmu, wani ɗan Gbagyi daga wajen Randagi wanda bai cika magana ba, ya zura uku a jere, na ce yau gyaɗa ta ga ta kanta. Ba a jima ba na ji dunduniyata ta ɗau zafi. Na waiga, kowa na ɗingishi. Da aka tafi hutu muka tuɓe, ga ƙafafu duk sun yi bororo, wasu sun fashe har da jini.

Malam ya tsuguna yana duba ƙafata. Ya ce, "Sau nawa kuka sa su?"

Na ce, "Yau ne farko, Malam. Ni na adana su."

Na jira mari, bai zo ba. Ya dafe kai kawai ya ce, "Kayya! Ni ne ban yi muku bayani ba." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Muka koma ba takalmi, amma filin nasu siminti ne, ga ranar azahar. Ba gudu muke ba, tsalle-tsalle muke kamar kaji a kan garwashi. Aka cinye mu, 'yan kallo na dariya. A bayan mota, tun daga Kaduna har muka ratso daji, ban ɗaga kai ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na je na durƙusa wa Firinsifal na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, a hukunta ni a bar filin." Ya ce magana ya yi gaban jama'a, ba zai janye ba. Da ruwa ya sauka aka raba mana garma, mu 'yan wasan da kanmu. Ni aka sa in fara huɗa, daidai inda nake tsayawa in yi jifa. Ƙasar da muka daɓe ta ƙi tsaguwa, ina sara ina zagin kaina.

Dogon ya zo ya karɓi garmar. Ya ce, "Kai ɗan birni ne, ba ka san noma ba. Gyaɗa wata huɗu ce. Da an cire, ƙasa ta koma tamu, mu sake daɓewa. Duka-duka aji biyu muke, ina saurin?" Ya juya ga sauran ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba: "Ku ja kunyoyin gyaɗarku nesa da sandunan nan. Kada wanda ya taɓa su."