Sarkin da Ya Yi Ƙyashin Mai Gawayi

Anatole Ferrand bai taɓa zana ko kaza ba, amma babu ɗakin mai zane a Faris da bai shiga ba. Sana'arsa tsayuwa ce. A yafa masa mayafi, a ba shi takobin katako, ya ƙame kamar gunki har mai zanen ya gaji don kansa. Allah ya ba shi gemu har ƙirji, kuma da gemun nan yake ci. Ya yi sarki, ya yi waliyyi, ya yi jarumin da ke mutuwa a bakin teku ya fi a ƙirga. Ko burodi ya je saye, da ƙirji a gaba yake miƙa hannu.

Sai zamani ya juya masa baya. Samarin masu zane suka ce sun gaji da sarakuna, talaka suke so, da dauɗarsa da kantar hannunsa. Ranar Litinin a dandalin Pigalle, inda masu tsayuwa ke jeruwa a zaɓe su, Anatole ya sha wuni yana shafa gemu ba wanda ya ce masa ci kanka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Firmin, maƙwabcinsa mai dakon gawayi, gajere mai hanci kamar dankalin da aka taka. Wani mai zane, Savary, ya gan shi yana sauke buhu, ya ce shi zai sa a tsakiyar babban zanen da zai kai baje kolin bana. Mutumin da bai iya komai ba sai sosa ƙeya, shi duk Faris za ta zo kallo. Anatole ya kasa cin abinci. Ƙyashi ne tsagwaronsa, kuma ya san ƙyashi ne, sanin bai rage masa komai ba.

Firmin kuwa, bawan Allah, bai san ana yi ba. Ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, ana neman wanda zai tsaya a gefena a zanen, na ce ai ga gwani a gidanmu. Zo mu je."

"Yau kai ne mai sama mini aiki?" in ji Anatole. Amma fa ya je. Kafin ya je ma sai da ya aske gemun tas, ya shafa toka a riga don ya yi kama da talaka. Matarsa Honorine ta ce ya aske jarinsu, bai kula ta ba.

Savary ya ce masa, "Baba, ka tsaya kawai yadda kake tsayawa in ba mai kallonka." Anatole ya turo ƙirji, aka ce wannan sarki ne. Ya sunkuyar da kai, aka ce wannan waliyyi ne. Ya rasa ta uku, don shi bai taɓa tsayuwa don kansa ba. Aka ce ya zauna a benci ya huta. Nan ya riƙa zama kullum, yana kallon yadda ake juya Firmin ana yaba kafaɗarsa, shi kuma ana ce masa ya dawo gobe.

Ranar baje koli jama'a suka yi cincirindo gaban zanen. Anatole ya kutsa, sai ga shi a cikin zanen, ashe Savary ya zana shi a gefe kan benci, baki a murɗe, ido a ƙanƙance. Wata mata ta ce wa mijinta, "Rabu da mai gawayin, dubi tsohon can. Wa ya cuce shi haka?" Mijin ya ce ba wanda ya cuce shi, hassada ce ke cinsa da rai. Aka yi ta dariya, ana turereniya a gan shi.

Firmin ya dafa shi, baki har kunne. "Ka gani? Kai ake kallo, ba ni ba. Amma maƙwabci, wa kake harara haka?"

Firmin ya ɗaga yatsa ya bi inda idon Anatole ke kallo a cikin zanen a hankali, har yatsan ya tsaya a kan hoton Firmin ɗin kansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya janye hannunsa daga kafaɗar Anatole, ya sa hularsa, ya ce yana da gawayin da zai kai.