Indararo Marasa Ido

Narottam masassaƙin dutse bai taɓa cin gardama ba a unguwarmu, kuma wadda ta fi ƙona masa rai ita ce ta Sakhubai mai kifi. Ranar yana tsugune a filin da ake gina sabuwar makaranta kusa da bakin teku, yana gyara wata halitta mai kan mikiya da ƙugun zaki, sai ga ta da kwando a ka. Ta ja ta tsaya.

"Bhai ɗan'uwana, wannan kuma fa? Kaza ce ta haɗiye kare ya maƙale mata?"

"Matsa can da ƙarnin nan naki. Dabbar ƙasar Ingila ce, Sahib, Baturen ginin nan, da hannunsa ya zana ta."

"Ƙwai take yi ko haihuwa?"

Narottam ya dubi gaban abin, ya zagaya ya dubi bayansa. Ya ce, "Haihuwa."

"To ɗan da wane baki zai kama nono?"

Matan da ke ɗaukar yashi suka sauke tasoshinsu don su ji daɗin yin dariya. Shi ko amsa ba ta zo masa ba sai da ya isa gida yana cin gurasar gero da albasa. Ya faɗa wa matarsa Kesar, ta ce gara da bai faɗa ba.

Haka yake, harshe a ɗaure, hannu a sake. Mutumin garin Porbandar ne, kaka da kakanni masu sassaƙa gumaka da ginshiƙan ɗakunan bauta. Fari ne ya koro shi Bombay, a lokacin da Turawa suka kamu da ciwon kewar zamanin kakanninsu. Tashar jirgi, kotu, makaranta, kowanne sai an yi masa ƙofofi masu tsini da hasumiya kamar tsohon coci, a garin da rana ke soya mutum a tsaye.

Mai zanen wannan makaranta shi ne Hembry Sahib, dogo, mai gemu kamar tsintsiyar da ta gaji. Shi ciwon ya fi kama shi. Yakan tara masassaƙa a rana ya yi musu wa'azi da gurguwar Hindustaninsa, yaren 'yan ƙasa, wai a zamanin da can magini ɗan kansa ne, abin da zuciyarsa ta raya masa shi yake sassaƙawa, ba kamar yanzu da injin ya mai da mutane bayi ba. Har ƙwalla yake yi. Yana gama share ido sai ya raba musu zane, ya ce wanda ya kauce da faɗin gashi ɗaya zai gamu da shi. Ku ji mini 'yanci! Narottam ya taɓa saka ganyen mangwaro a kan wani ginshiƙi, aka sa ya kankare, ya mayar da ganyen wata bishiya da ko akuyar Bombay ba ta taɓa gani ba.

Duk ya shanye. Da aka zo kan indararo aka ba shi, domin babu mai hannunsa. Dodanni ne ake so a jera a bakin rufi, wuya a miƙe, baki a wangame, ruwan damina ya riƙa fita ta maƙogwaronsu. Ya yi su har mutum ya ji kamar za su yi atishawa. Haƙora, farata, jijiyar wuya, komai ya fito. Ido ne kawai ya bari sumul kamar ƙwai.

A gidansu Narottam ido ba abin wasa ba ne. Shi ake yi a ƙarshe, da allurar zinariya da zuma, a riƙe madubi a gaban gunkin don kada kallonsa na fari ya faɗa kan mutum. Daga ranar ya daina zama dutse. Sai an yi masa wanka, a ba shi abinci, a kunna masa fitila, har abada. Wanda ya buɗe ido ya juya baya, alhakin yana wuyansa da na 'ya'yansa.

Hembry Sahib ya aiko shugaban magina da saƙo: ko dai a yi idanun kafin a ɗora dodannin sama, ko Narottam ya tattara ƙarafansa, kuma ba zai ƙara taɓa dutse a wani ginin Turawa ba. A Bombay ta lokacin, wannan daidai yake da a ce masa ya koma ƙauye ya ci ƙasa.

Kesar ta tare shi a bakin ƙofa. "Kai, kana ji? Ɗan rami ne fa, ƙwas, ƙwas, an gama. Ba allolinmu ba ne, na Turawa ne."

"Su ma ba su ce nasu ba ne."

"To na wa ne?"

"Na wanda ya buɗe."

"Wayyo ni! Na auri mutumin da zai ciyar da indararo, 'ya'yansa kuwa su sha ruwan da ya zubo."

Maƙwabta suka ce taurin kai ne. Su ɗin da ba sa tsallake bakin ƙofa da ƙafar hagu, su ne masu yi wa wani dariyar camfi. Abokan aikinsa suka yi tsit, kowa yana jira a ba shi gurbin. Wani har ya fara wasa ƙarfensa. Wannan ya fi komai tayar wa Narottam hankali, domin ko ya tafi za a buɗe idanun, kuma shi ya yi jikin.

Ranar da aka ɗaura igiyoyi za a ja su sama, Sahib ya zo da kansa, fuska ja kamar an dafa. Ya tsaya kan dodannin da ke kwance a jere.

"Dutse ne, Narottam! Dutse! Magabatanmu sun yi dubbansu, duk da ido, babu wanda ya nemi tuwo." Ya zaro wani zane daga hammata ya baje a kan dutse. "Duba. Ni na zana wannan a ƙasarmu. Dubi idon nan, kamar zai yi magana."

Narottam ya sunkuya. Hannun Sahib yana da kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. Ga dodon a saman bango, ido a buɗe tar. Ƙarƙashinsa taga ce ba gilashi, ciyawa ta fito ta cikinta, tumaki suna kiwo a inda ya kamata mutane su durƙusa.

"Sahib, ina rufin?"

"Ya faɗi tun da daɗewa. An kori masu ibadar, wurin ya zama kufai. Ba rufin na ce ka duba ba."

Masu igiya suka saki igiya, matan yashi suka matso. Kowa ya san Narottam, ana jiran ya yi in-ina ya sosa ƙeya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ya sa aka ja dodannin sama yadda suke, Sahib ya naɗe zanensa ya wuce ba tare da ya kori kowa ba, Narottam kuwa ya tsufa yana aiki a kan duwatsun garin nan. Ya miƙe, ya miƙa wa Baturen ƙarfe da guduma da hannu biyu.

"Ashe kun buɗe masa ido kun tafi kun bar shi yana kallon gidansa yana rushewa. Ungo, Sahib. In za ka zauna a Bombay kana hawa rufi da tasar shinkafa kowace safiya, buɗe. In kuwa jirgin ruwa za ka shiga, ƙyale su su yi barcinsu."