Koriyar Riga a Layin Shuɗi

Ni 'yar soja ce, kuma a Zuru wannan ba abin a buga ganga ba ne, don da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da hoton wani cikin kaki a bango ba. Amma babana ya fita daban. Ko bayan ya yi ritaya, ranar Lahadi da la'asar sai ya hura gawayi a dutsen guga ya goge mana kayan makaranta da kansa, har sai karin siket ɗina ya tsaya cak. Yakan ce yaro ba ya hankali sai ya tsaya a layi cikin kaya iri ɗaya da na kusa da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na zama malamar firamare, ni aka ba tsaron ƙofa da safe, kuma ba tilasta mini aka yi ba.

Yunifom ɗinmu shuɗi ne. Ina da hujjata a kansa, har gobe kuma ban jefar da ita duka ba: in kowa ya sa shuɗi, ba ka gane ɗan mai shago da ɗan mai noman dawa. Iyaye suna ce mini Saje a bayan idona. Na sani, kuma ina jin daɗin sunan.

Sai shekarar da mutanen ƙauyukan bayan Wasagu suka fara kwararowa gari a kan babura, da tabarmi da tukwane, suna gudun 'yan bindiga. Hedimasta ya ce a karɓi 'ya'yansu. Wata Litinin na ga yarinya 'yar kimanin shekara tara a ƙofa, cikin koriyar riga mai farar kwala, da bajon wata makaranta a ƙirji. Rigar tsaf take, an bar mata ninki mai faɗi a ƙasa, irin wanda ake warwarewa duk shekara yaro yana girma.

Na ce, "Wannan ba kayanmu ba ne. Koma ki sako shuɗi."

Ta juya ba musu. Washegari ta dawo da rigar, na sake kora ta. Malamar ajinta ta tare ni ta ce ranar da aka rubuta sunan yarinyar ta gwada ta, kuma duk ajin ba mai karatu kamarta. Na ce to, sai ta zo ta yi karatun cikin shuɗi.

Ranar Laraba uwarta ta rako ta, doguwar mace mai goyo, ta durƙusa a gabana yara suna kallo.

"Malama, ki yi haƙuri. Da sahe sunka shigo muna, tana shirin tahiya makaranta. Abin da ke jikinta, da shi munka hito. Ubanta ne ya kai ɗinkin Ribah, shi ya ce a bar mata ninki ta girma ciki."

Ban tambayi inda uban yake ba. Na ga yadda ta faɗi maganar, na gane, na kuma yi kamar ban gane ba. An kaɗa ƙararrawa, 'yan makara suna sulalewa ta bayana, hankalina yana can.

Na ce, "Mama, doka doka ce. In na bar ta, gobe kowa ya zo da kalar da ya ga dama. Ko rina ta ku yi mana ta koma shuɗi."

Don in rabu da ita na faɗa. Ko a mafarki ban zaci za ta ɗauka umarni ba ne. Amma magana zarar bunu ce, kuma matar da ta rasa komai ba ta raina maganar mai tsaron ƙofa.

Ranar Alhamis yarinyar ta zo. Ashe uwar ta shiga kasuwa ta sayo garin rini, ta dafa rigar a tukunya. Yadin kuwa na roba ne, ba ya shan rini. Wani wuri ya yi baƙi-baƙi, wani wuri koren ya leƙo, duk ta yi dabbare-dabbare. Kwalar ce kaɗai ta sha, ta rine ta koma kamar tsumman goge allo, bajon ma ba a iya karanta shi. Rigar ba ta gama bushewa ba, don haka wuyan yarinyar da hannayenta sun yi shuɗi.

Wani yaro ya ce, "Ga hawainiya!" Layi ya fashe da dariya.

Na daka musu tsawa, suka yi tsit. Na ce mata ta shiga. Ta shiga, ta tsaya a layi, ta rera taken ƙasa tare da kowa. Da aka fita hutun tara, ba ta koma aji ba. Ranar Juma'a ba ta zo ba.

Sati guda na yi ina jira, girman kai ya hana ni motsi. Na ce wa kaina yara suna mantuwa. Da na ga shiru, na sayi shuɗin yadi na kai wa telana, na ce ya ɗinka mata riga ya bar ninki mai faɗi. Na goge ta da dutsen gugan babana, na nemi inda suke, wani kangon gini a hanyar Dabai da iyalai da yawa suka raba ɗakunansa da buhuna.

Na tarar da yarinyar a bakin rijiya ɗaure da zanen uwarta, tana cuɗa rinanniyar rigar a kwano. Uwar ta ce kullum sai ta wanke ta, wai ko koren zai dawo. Da na miƙa sabuwar, uwar ta karɓa da hannu biyu tana ta sa mini albarka, abin da ya fi zagi ciwo a wajena.

"Ɗiyata, taho ki gode wa Malama."

Yarinyar ta taso, hannunta na ɗigar da ruwa. Ba ta kalli shuɗiyar rigar ba. Ni ta kalla.

"Malama, akwai abin da ke hidda rini?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce babu.

Ta gyaɗa kai, ta koma kan kwanonta ta ci gaba da cuɗa. Na yi sallama da uwar na ce ina jiran yarinyar ranar Litinin. A hanyar komawa na yi kuka a bayan mai babur, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne babana.

Ranar Litinin na tsaya a ƙofa har aka gama taron safe, har aka shiga darasi na biyu. Ba ta zo ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Duk yaron da ya wuce ta gabana a ranar shuɗi ne tsaf, ba ko ɗaya da ya kauce, kamar yadda na so.