Ɗaurin Innata

Shekara uku 'yata ta yi tana rubuta fim a kan Innata, wadda ta shigo Makka ta Sudan, ta ƙare rayuwarta tana tallan gyaɗa a unguwar Jarwal. Ni sai da na girma na shiga yaƙi da jahilci, don haka ita take karanta mini, ina gyara mata inda ta ƙara gishiri. Alkawari aka yi mata ita za ta fito a matsayin kakarta. Kafin nan, in aka kira ta wasa, 'yar aiki ce ko mai shara.

Wata Laraba bayan la'asar mai shirya fim ɗin ta zo gidanmu a unguwar Zahir, da wata yarinya fara sol. Na kawo shayi. Ta ajiye wata 'yar kwalba kusa da kofuna, baƙin shafi ne a ciki. Ta ce masu kallo sun fi sanin fuskar wannan, ita za ta fito a matsayin Inna, za a shafa mata ta yi duhu. Ni kuma abin da ake so, in koya mata ɗaurin ɗankwalin Inna.

'Yata ta bi ni ɗaki. Ta ce mini da Hausa, a hankali, in muka ƙi za a ajiye fim ɗin gaba ɗaya.

Na ciro ɗankwalin daga akwati. Ban iya rigima ba, ban taɓa iyawa ba. Na ɗaura wa baƙuwar yadda Inna ke yi, da naɗin gammo a tsakiyar kai, na ɗora mata tiren shayin, na ce ta taka zuwa ƙofa. Taku biyu, kofuna suka watse. Kwalbar ma ta bi su.

Na kwance, na ɗaura wa 'yata, na ɗora mata tiren. Tun tana shekara bakwai take bin kakarta da tire. Ta je ƙofa ta dawo, ta durƙusa, ta miƙe, hannuwanta a sake.

"Ya Hajja, ai ana koyo," in ji mai shirin.

Na ce mata, "Ana koyo, 'yata. Inna shekara arba'in ta yi."

Suka tafi ba sallamar kirki. Kwana tara 'yata ba ta ci abincin kirki ba, ba ta kuma ce mini na kyauta ba. Rana ta goma aka kira ta. Ita za ta fito, amma an yanke kusan rabin labarin, har da wurin da ake zagin Inna da launinta.

Ta amsa. Tabon baƙin shafin nan har yau yana kan dardumata, ya ƙi fita.