Baba na Ƙasar Rum

Madinat Nasr

Tun kafin ladan ya kira assalatu Ustaz Habibu ya tashe mu. Shekarata ta uku ke nan a Alƙahira, lokacin da wayar salula ta fara shigowa hannun ɗalibai. Mu uku muka yi wannan tafiya: ni, da Habibu ɗan Gombe, da Idi ɗan Maraɗi. Gida ɗaya muke haya a Hayyul Ashir, cikin unguwar Madinat Nasr. Habibu shari'a yake karantawa, kuma shi ne muftin gidanmu, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya taɓa sa ni na zubar da kwalbar turarena a makwarara, wai da sinadarin giya a ciki.

Abin da ya fitar da mu, aure ne. Habibu yana neman Nafisa, 'yar wani babban ma'aikaci ɗan Kaduna da ke zaune a unguwar Dokki. Alhajin ya daɗe yana aiki a Faris kafin a kawo shi Masar, kuma ba ya son maganar ko kaɗan. An ce ya ce ba zai ba ɗalibin da ke cin wake safe da yamma 'yarsa ba. Hajiya, mahaifiyar Nafisa, ita ce ta matsa har aka gayyaci Habibu cin abincin rana, a gan shi. Nafisa ta bugo waya ta ja masa kunne: kada ya zo hannu rabbana, kada kuma ya kawo basbusa ko kunafa, don Hajiya ta ce wannan alawar masu gadi ce. Akwai wani kantin Faransawa a Zamalek, can zai je. Shi ya sa muka ɗauki Idi, wanda kullum yake gaya mana cewa Faransanci a bakinsa tamkar Hausa ne.

Muna idar da salla muka tsaya a bakin titi. Ƙaramar bas ta tsaya, direba yana ihu, "Ramsis! Ramsis!" Habibu ya sha farar shadda mai sitaci, ya biya kujera biyu don kada wani ya murƙushe masa hannun riga. Direban ya dube shi ta madubi.

"Ya sheikh, ango ne?"

"In sha Allahu," in ji Habibu.

"Ma'alish," in ji direba, wato sai haƙuri, ya ja mota.

A Abbasiyya 'yan sanda suka tsayar da mu, suka duba takardun zamanmu. Ɗayansu ya fi daɗewa yana kallon hular Habibu fiye da takardar. Ya tambaya ko ta sayarwa ce.

Wustul Balad

Gari ya waye mana a tsakiyar birni. Ni da Idi muka tsaya wajen mai amalanke muka ci ful, wato dafaffen wake, da ta'amiya mai zafi, wadda ita ce ƙosan Masarawa. Habibu ya tsaya nesa da mu kamar ba tare muke ba, yana tsoron mai ya ɗiga masa. Da masu canji suka buɗe, ya fito da 'yan dalolin da kawunsa ya aiko masa na sayen littattafai, ya canja su duka. Muka shiga tasi baƙa da fara, muka haye gadar Nilu.

Zamalek

Mun sami kantin a rufe. Ashe Faransawa ba sa sammako. Muka zauna gindin wata bishiya har hantsi ya dubi ludayi, Habibu kuwa a tsaye, saboda shadda.

Da aka buɗe, wani mutum mai farar safar hannu ya ja mana ƙofar gilashi. Ya dubi takalmana, na dubi nasa, sai na ji kamar in nemi gafara. Sanyi ya buge mu, da ƙamshin man shanu, da wani kiɗa can ƙasa-ƙasa kamar ana jinyar wani. Babu ƙuda ko ɗaya, babu mai ciniki. Kowa raɗa yake yi. Na shiga manyan masallatai a Alƙahira, ban ga inda ake natsuwa irin ta wurin nan ba.

Jama'a, kayan fulawa ne fa. Amma an jera su a bayan gilashi da fitilu, yadda maƙeran zinariya ke jera sarƙa. Kowane guda yana zaune shi kaɗai a kan 'yar takarda mai ado, da sunansa a gabansa kamar wakili a zauren taro. Akwai wasu 'yan ƙanana masu launi-launi, kore da ja da ruwan hoda, girman murfin kwalba, idan ka yi atishawa sai ka neme su ka rasa. Akwai wani burodi lanƙwasasshe wanda da aka yanka shi na ga ciki duk iska ce. An rubuta farashi da ƙananan baƙaƙe, ina tsammanin don kada mai hawan jini ya gani farat ɗaya. A gabanmu wata mata ta sayi ɗaya, ta gutsura, ta miƙa wa ɗan karen da ke hammatarta. Karen ya sunsuna, ya kau da kai.

Mai sayarwa ya matso, gashinsa yana ƙyalli. "Bonjur, mesiye."

Idi ya gyara tsayuwa. Ranar da ya daɗe yana jira ke nan. Ya saki Faransanci, ya yi ta zuba, har da ɗaga kafaɗa da turo baki. Mutumin ya yi ta ƙifta ido. Da Idi ya tsaya shan iska, sai ya sunkuyo ya ce da Larabcin Masar, shi fa ɗan unguwar Shubra ne, nan cikin Alƙahira, Faransancinsa "bonjur" ne da "mersi", don Allah a yi masa magana yadda zai gane.

Aikin Idi ya koma karanta mana sunaye. Yana cikin karantawa muka iso kan wasu masu kama da fanke, jiƙe sharkaf da wani ruwa mai sheƙi, da farin kirim a ka.

"Wannan fa?" in ji Habibu.

Idi ya ƙura wa takardar ido. "Baba o rum."

"Me ake nufi?"

"Baba dai baba ne. Rum kuwa ai ka san ta. Baba na ƙasar Rum ke nan."

Fuskar Habibu ta washe. "Allahu akbar! Baba! Ai wannan na Alhaji ne. A zuba mana shida."

Ɗan Shubra ya dubi gemun Habibu, ya dubi hularsa, ya rage murya. "Ya sheikh, wannan fa a cikinsa akwai..."

Habibu ya ɗauka raina masa aljihu ake yi. Ya zaro kuɗi ya ɗaga. "Khalas! Ba bashi na ce ka ba ni ba."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, shi ma kamar Bafaranshe.

Naɗe kayan ya fi sayensu daɗewa. Wata yarinya ta sa kowane baba a 'yar rigarsa ta takarda, ta jera su a kwali ruwan toka, ta rufa musu farar takarda mai laushi, ta rufe, ta ɗaure da zare ruwan zinariya, ta murɗa bakin zaren da almakashi har ya nannaɗe, ta manna tambari, ta sa kwalin a jaka, ta kuma ɗaure bakin jakar. Ko jariri ranar suna ba ya samun wannan gata. Kuɗin da Habibu ya biya zai ciyar da gidanmu wata guda, har da nama ranar Juma'a. Mai safar hannu ya buɗe mana ƙofa, wannan karon har da ɗan rusunawa. Jakar ya rusuna wa, ba mu ba.

Dokki

A tasi Habibu ya rungume jakar a cinya, duk ramin da aka faɗa sai ya ce "Ya Salam!" Mai gadin benen su Nafisa ya tare mu da tambayoyi, amma da ya ga tambarin kantin sai ya ruga ya kira mana lif da kansa.

Hajiya ta karɓe mu a falo mai kujeru masu ƙafar zinariya. Mace ce mai jiki da fara'a, kowace magana sai ta bi da ita ta Faris. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ce Alhaji ya fita, yanzu zai dawo. Nafisa ta kawo ruwa, ta ga jakar, ta yi murmushi ta koma ciki. Hajiya ta kwance zaren a hankali, ta naɗe shi ta ajiye gefe, ta buɗe kwalin.

"Kai! Malam Habibu, ashe ka san abu! Rabona da wannan tun Faris."

Ta sa aka kawo cokali. Ta cinye ɗaya tana lumshe ido, ta fara na biyu. Ta yi mana tayi, Habibu ya ce ai na manya ne. Ni dai na haɗiye yawu.

Ana haka Alhaji ya shigo, dogo, da farin gilashi, fuska a ɗaure. Bai kai ga amsa gaisuwarmu ba ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya dubi kwalin, ya dubi Habibu. Na ga wani farin ciki ya gilma a idonsa, irin na wanda ya daɗe yana neman dalili ya samu.

"Wa ya kawo wannan gidana?"

"Ni ne, Baba," in ji Habibu yana murmushi. "Na ƙasar Rum ne."

"Rum ɗin gidanku! Giya ce, malam! Giyar rake ce aka jiƙa shi da ita! Ustaz guda, mai karatun shari'a, ranar farko ka shigo min gida da giya? Wannan ne kuke so in ba 'yata?"

Habibu ya daskare a durƙushe. Na waiwaya in ga Idi, na same shi yana nazarin labule. A raina na ce shi ke nan, aure ya mutu, littattafai sun tafi.

Sai muka ji ƙarar cokali a kan faranti.

"Alhaji," in ji Hajiya a hankali. "Giya ka ce?"

"Giya mana! Tun daga ƙofa na ji warinta."

"Tun daga ƙofa." Ta goge bakinta. "To ai wannan shi ne kake sayo mana duk ƙarshen mako a Faris. Shi ne ka ce min ruwan zuma ne."

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, Hajiya ta riga shi.

"Har da Inna ta zo duba mu da azumi, da hannunka ka ba ta ta sha ruwa da shi. Ta ce ba ta taɓa yin barci mai daɗi irin na ranar ba."

"Hajiya, wancan ai daban ne..."

"Ɗanɗanonsu ɗaya. Na ci ɗaya da rabi yanzu, ni za ka gaya wa?"

Daga cikin ɗaki muka ji Nafisa tana wani tari wanda ba tari ba ne. Hajiya ta miƙe ta tafi kurkure baki, tana salati. Aka kawo shinkafa da kaza, muka ci kowa kansa a ƙasa. Alhaji kuwa ya tura wa Habibu cinyar kaza.

Da muka yi sallama, ya ce zai taka mana. A cikin lif ya dafa kafaɗar Habibu.

"Malam Habibu, ɗana. Kai mai ilimi ne. Ai ka san irin wannan abu kala biyu ne, ko? Akwai na giya, akwai na zuma. Na Faris na zuma ne."

Habibu, wanda bai taɓa wuce Alƙahira ta arewa ba, ya yi gyaran murya irin ta masu fatawa.

"Tabbas, Baba. Mas'alar akwai tafsili a cikinta. Hukunci yana canjawa da canjawar ƙasa."

"Madalla! Kai kuma mai Faransanci?"

"Kala biyu ne, ranka ya daɗe," in ji Idi. "Har uku ma."

"To ku koma sama ku yi wa Hajiya bayani. Sannan, Malam Habibu, ka rubuta gida, magabatanka su je Kaduna su ga yayana."

Muka sake hawa. Habibu ya yi bayani mai tsawo, da Larabci a ciki. Hajiya ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa. Ta ce, "Allah ya ƙara ilimi." Sannan ta dubi mijinta ta ce, "Ka samu suruki daidai kai."

Komawa

Direban Alhaji ne ya mayar da mu, a mota mai sanyi, ba wanda ya tsayar da mu a hanya. Sauran baba huɗu da rabi an bar su a Dokki, Alhaji ya ce shi da kansa zai zubar. Mun iso Hayyul Ashir ana kiran magariba. 'Yan gida suka taru a bakin ƙofa suna tambaya yaya aka yi. Habibu ya cire hula, ya zauna a kan tabarma, ya ce, "An ba ni." Aka yi kabbara. Wani ya tambaya me ya burge Alhaji haka. Habibu ya ce, "Ilimi."

An ɗaura auren a Kaduna da hutun shekarar da ta biyo baya, suna nan tare har yau. Ina gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Hajiya, wadda ba ta mantuwa. Ina kuma gode wa ɗan Shubra, mutum ɗaya tak da ya so ya faɗi gaskiya a wannan rana, aka hana shi.