Akwatin da Saƙonni Suka Cinye

Har yau idan wani ya ce mini, "Ga ɗan saƙo ka kai mini gida," sai raina ya ɓaci. Jikokina suna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Na ga abin da ɗan saƙo ya yi wa wani bawan Allah a Riyad, kuma da hannuna a ciki.

A shekarun tamanin ina tuƙi a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Malaz. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya haɗa akwatin katako, na iya shirya kaya a ciki yadda ba abin da zai motsa har jirgin ruwa ya sauke a Legas. Duk ɗan ƙasarmu da kwantiraginsa ya ƙare, ni yake nema. Ta haka na san kowa, likitoci da nas-nas da injiniyoyi.

Cikinsu akwai wani mutumin Kaduna mai ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti. Mai Hoto muke ce masa, shi kuma yana ce mini Yaya saboda na girme shi. Siriri ne, ba shi da yawan magana. Ban san makaɗi ne ba sai ranar da ya kira ni ya ce in zo da a-kori-kurata gidan wani injiniya, baƙar fatar Amurka, wanda zai koma ƙasarsu. Mutumin ya taɓa karyewa a ƙafa, Mai Hoto ya ɗauke shi hoto, hira ta kai su ga kiɗa, da zai tafi ya ce masa ga abin kiɗansa nan ya bar masa.

Sunan abin bibirafon. Wanda ya taɓa ganin kundun, abin kiɗan nan na mutanen Jos mai jerin sandunan katako, ya ga ɗan'uwansa, sai dai shi wannan sandunansa na alminiyan ne, an jera su a kan wani dogon tebur mai taya. Ƙarƙashin kowace sanda akwai bututu a rataye, a bakin kowane bututu akwai ɗan faifai kamar kwabo, ƙaramin inji yana juya su gaba ɗaya. Daga ƙasa kuma ga abin takawa kamar kulocin mota. Muka kwance shi, muka nannaɗe da barguna. Da mai gadin gidan su Mai Hoto a unguwar Suwaidi ya tambaye ni mene ne, na ce kantar ajiye kwanuka ce.

Ashe kafin ya karanci aikin asibiti, Mai Hoto ya yi shekaru yana kaɗa irin wannan abu a wani otal a Kaduna, har otal ɗin ya durƙushe aka sayar da kayan. Tun daga nan bai sake taɓa shi ba. Ranar da muka gama haɗawa ya daɗe a tsaye yana kallonsa, sandunan kiɗa masu kan zare a hannunsa, kamar wanda yake jin nauyin yin sallama.

A Riyad ta wancan lokaci ba a kiɗa a fili. Saboda haka sai muka jingina katifu a tagogi. Kowace Juma'a bayan la'asar mu taru a wurinsa, a ci tuwon shinkafa da miyar kukar da wani ya taho da ita daga hutu, sannan ya sa kaset ya bi shi da nasa kiɗan. Yakan yi mini bayani ko ban tambaya ba.

"Yaya, wannan shi ake ce wa sol jaz. Ka ji ogan ɗin nan yadda yake jan magana kamar mai wa'azi? Ni aikina in bi shi a baya ina lallashi."

Sai ya rage gudun injin, ya danne abin takawa, ya taɓa sanduna huɗu lokaci guda. Sautin ya tsaya a ɗakin yana rawa, kamar yadda kwalta take rawa a idon direba da tsakar rana. Can kuma ya canza kaset.

"Wannan kuwa fonk ne. Ba a son ja a nan. Ka ɗage ƙafa, ka sara gajere, ka sake sarawa. Ganga da babbar jita suna dambe, ni kuma ina gefe ina zuga su."

Da an kira magariba yake ajiye sanduna, ko da tsakiyar kiɗa ne.

Wanda ya fi kowa jin daɗin zaman nan shi ne Likita, babbanmu a garin. Shi ake kai wa ƙara, shi yake shiga tsakanin mutum da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, idan iƙama, takardar izinin zama, ta sami matsala. Ni kaina ya taɓa yi mini wannan alheri, ba zan ɓoye ba. Likita yakan cire hula ya ɗora a gwiwa, ya lumshe ido, ƙafarsa tana buga ƙasa. "Mai Hoto, maido mini wancan mai sanyin. Wallahi ka mai da ni Zariya, ina ɗan makaranta." Idan aka mayar, ya ce a ƙara. Na ga wannan da idona, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Da Mai Hoto ya je hutu gida, sai ya haɗu da tsofaffin abokan kiɗansa. Sun sami wuri a wani gidan shaƙatawa a Jos, mai wurin ya ce idan har zai zo da bibirafon ɗin nan, shi zai zama jagoran ƙungiya, domin babu mai irinsa a duk yankin. Ya dawo Riyad da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Da kwantiraginsa ya zo ƙarshe, asibiti suka ce ya sabunta har da ƙarin albashi, ya ƙi. Ya ce ya gaji da kallon ƙasusuwan mutane.

Asibitin akwati ɗaya suke biya wa ma'aikaci, kuma girmansa a ƙayyade yake. Mai Hoto ya rabar da gadonsa da kujerunsa da tukwane, ya ce shi dai bibirafon da kasa-kasansa. Na auna, na ga za su shiga har da sauran fili. Wannan sauran filin shi ya jawo mana masifa.

Kowa ya san al'adarmu. Idan mutum zai koma gida, ba shi kaɗai zai koma ba, gari ne zai bi shi. Kuma ba a cewa a'a. Wanda ya ƙi karɓar saƙo, har jikokinsa sai sun ji labari. Sai ga wannan da darduma, "ɗan abin salla ne na tsohuwa." Ga wancan da keken ɗinki. Wata ta aiko da filas-filas da kwalin dabino. Wani injiniya ya kawo bidiyo biyu yana cewa ai ba su da nauyi. Mai Hoto yana karɓa yana murmushi, yana cewa, "Ba komai, Allah ya kai mu lafiya." Idan sun fita ya dube ni.

Na ce, "Kai ma ka buɗe baki mana."

Ya ce, "Yaya, da wane bakin? Tuwo ɗaya muka ci da su."

Na cusa, na matsa, na sake lissafin wuri, komai ya shiga da ƙyar. Bibirafon yana can ƙasa, kowane bututu na naɗe shi da tsumma. Kafin ranar ɗaukar akwati aka buga wa Mai Hoto huruj, wato izinin fita na ƙarshe, wanda idan an buga dole mutum ya bar ƙasar. Na kai shi filin jirgi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Amana, Yaya." Na ce ya tafi da kwanciyar hankali.

Washegari da hantsi ina shirin buga ƙusoshin murfi, sai ga motar Likita a harabar kamfani, bayanta wata mota ɗauke da firiza sabuwa dal, doguwa kamar makara.

"Malam Direba, Allah ya sa ban makara ba. Ɗan saƙo ne na uwargida, tana son ta fara sayar da ƙanƙara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwati ya cika. Ko tsinke ba zai shiga ba."

Ya leƙa, ya ɗaga bargo da yatsa. "Wannan tarkacen fa?"

"Abin kiɗan Mai Hoto ne, ranka ya daɗe. Saboda shi aka yi akwatin."

Sai ya gyara tsayuwa, ya sauya murya, irin muryar da yake yi idan zai yi wa mutum nasiha. "Haba, Malam Direba. Kai da hankalinka. Mutum ya baro ƙasa mai tsarki, maimakon ya shiga gida da abin albarka sai ya shiga da kayan kiɗa? Me jama'a za su ce? In kuma 'yan kwastan na Jidda suka buɗe suka gani, suka riƙe akwatin, dardumar tsohuwar mutane fa? Ka ajiye masa, mai tafiya na gaba ya kai. Ni zan yi masa bayani."

Mutumin da ƙafarsa ta kusa huda dardumar Mai Hoto don kaɗa ta! Mutumin da yake cewa a maido masa mai sanyin! Yau da firizarsa take neman wuri, yau ya tuna ƙasa mai tsarki ce. Duk Juma'o'in da ya kwashe yana lumshe ido, a wace ƙasa yake zaune? Da ya fito fili ya ce, ni babba ne, wurin nake so, da na fi ganin girmansa. Amma ya ɗauko addini ya yi sabulu da shi, ya wanke son zuciyarsa a gabana. Wannan shi ne abin da har yanzu yake tafasa mini jini.

Kuma na san ƙarya ce. Na sha tura jita da ogan a kayan Turawa, ba wanda ya taɓa riƙewa. Maganar tana bakina. Na dubi mutumin da ya taɓa ceto iƙamata, na ce, "To, ranka ya daɗe." Ni na zare ƙusoshi, ni na fito da bututun ɗaya bayan ɗaya. Firiza ta shiga ta zauna daram.

Likita bai yi wa kowa bayani ba. Sai da akwati ya isa Kaduna, Mai Hoto ya tara abokan kiɗansa aka fasa murfi, sannan ya gani. Aka ce masu saƙo har sun aiko 'yan'uwansu suna jira a ƙofa, kowa ya ɗauki nasa ya yi godiya. Na Likita suka zo da mota suka ɗauki firiza.

Na kai bibirafon saman rufin gidan da nake haya, na lulluɓe da tamfol, ina jiran mai tafiya na gaba. Mai tafiya na gaba ya ce akwatinsa ya cika. Na bayansa ya ce matarsa ba za ta yarda ba. Wani nas da ya fi kowa cin tuwo a gidan Mai Hoto ya ce mini, "A'uzu billahi, ni da na yi aikin hajji bana?" Dukansu sun karɓi saƙon darduma da na dabino daga wasu, don waɗannan ba a ƙin su. Saƙo ɗaya ne kawai a duk Riyad aka iya cewa a'a a kansa, na mutumin da bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Na nemi in biya daga aljihuna, amma albashin direba bai kai ba, kuma gaskiya ban matsa wa kaina yadda ya kamata ba.

Rana ta ci tamfol, ƙura ta shiga injin. Wata rana na dawo aiki na tarar mai gidan ya sa an ɗora sabon tankin ruwa, leburori sun share rufin. Teburin da bututun duk sun tafi. Sandunan alminiyan kawai na samu, don su a buhu suke a ɗakina.

A Jos kuwa ba su jira ba. Mai wurin ya ɗauki wani mai ogan na lantarki, ƙungiya ta ci gaba ba Mai Hoto. Aikin asibiti na Riyad ya riga ya bari, na gida bai samu ba.

Da nawa zaman ya ƙare, na zuba sandunan a jakata, na bar tufafina don su shiga. Na same shi a Kaduna a wani ɗan kemis, yana sayar da maganin ciwon kai da na tari. Ya yi furfura. Ya tashi ya tarbe ni, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na jawo buhun na kwance. Ya leƙa.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Ina bututun?"

Na gaya masa.

"Teburin fa? Injin?"

Na gaya masa. Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga murya, ya kira ni maci amana, ya kira Likita da sunan da ya dace da shi. Bai yi ba. Ya ce ba bututu, ba teburi, waɗannan ƙarafuna ne kawai. Ya leƙa waje ya ƙwala wa wani ɗan gwangwan kira, wanda yake wucewa da kurarsa.

Na ce, "Kada ka yi haka. Ko don tunawa ka ajiye."

Ya ce, "In tuna me, Yaya?"

Ɗan gwangwan ya ɗaga buhun ya juye a kan sikeli. Sandunan suka zube a kan juna da wata irin ƙara, har masu wucewa suka waiwayo. Mai Hoto bai waiwaya ba. Wata mata ta zo sayen maganin zazzaɓi, yana yi mata bayanin yadda za ta sha.