Kusurwoyi ukun da ban kai wa Malama ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin shanya da safen nan aka kira ni: Malama Asabe, malamarmu ta lissafi a Makarfi, ta rasu.

Sau uku ta kira ni cikin satin nan. Ina kallon wayar har ta katse.

Muna aji biyar na sakandare ta kama ni da littafin soyayya cikin hijabi. Ba ta dake ni ba. Ta karɓe shi, ta gicciya rake biyu a kan teburina, ta ce in matsa su in gani. Kusurwa biyun da ke kallon juna tare suke buɗewa, tare suke tsukewa, kullum daidai suke. Masu maƙwabtaka kuwa in an haɗa su ɗari da tamanin ne. Da aka tashi ta bar min raken na sha.

Duk da haka lissafi ya kayar da ni a jarrabawar ƙarshe. Maigidana bai sani ba, ce masa na yi na ci duka. Yanzu so yake in shiga makarantar koyon aikin jinya, kullum sai in ce takardar sakamakon tana wajen Inna a Gazara. Jiya ya ce ranar Asabar zai hau babur ya karɓo.

Wancan satin na haɗu da Malama a kasuwa, ta ja ni har gidanta, na faɗa mata halin da nake ciki. Ashe shekara huɗu littafin soyayyar nan yana ajiye a wajenta, ta miƙo min. A bangon baya ta zana layi biyu sun gitta juna, ta rubuta 40 a kusurwa ɗaya.

Ta ce, "Amarya, ki nemo min sauran ukun. In kin iya wannan, za ki iya sake zaman jarrabawa. Amma ki fara faɗa wa mijinki gaskiya."

Na koma gida na karance littafin tas, ban ko kalli bangon ba.

Malama, ɗazu na yi. Arba'in ce, sai ɗari da arba'in sau biyu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya ba iyalinki haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, ni ma ya haɗa da ni.

Na saka wannan a shafina ne don kada in fasa. Maigida yana gona, da azahar zai dawo. Kafin ya taɓa waya zan faɗa masa da bakina, kuma zan sake zana jarrabawar lissafi.